Tasirin Tarkon Danƙo na Jikin Taga Wajen Rage Ƙudan Gida: Nazari Kan Yankin Karakkai, Jihar Zamfara

Tsakure

Wannan takarda ta duba ko tarkon danƙo da ake mannawa a gilashin taga zai iya rage ƙudan gida a ƙauyuka irin Karakkai da ke Ƙaramar Hukumar Bunguɗu. An auna sharuɗɗan da tarkon yake bukata kafin ya yi aiki, aka kwatanta su da tsarin gida da yanayin shekara na yankin, sannan aka ɗora su bisa sakamakon gwaje-gwajen da aka yi a wasu ƙasashe. Matsayar takardar ita ce tarkon yana da amfani a rufaffen ɗaki mai gilashi, kuma ma'auni ne mai kyau na yawan ƙuda, amma ba ya taɓa maƙyanƙyasar ƙuda, don haka ba zai rage yawansa a gidan da ake rayuwa a tsakar gida ba.

1.0 Gabatarwa

Tarkon danƙo na taga wata 'yar leda ce ko takarda mai faɗin tafin hannu, bayanta yana manne da gilashi, gabanta kuwa an shafe shi da danƙon da ba ya bushewa da wuri. Galibinsa ba shi da guba. Ƙuda ya zo neman hanyar fita ta wajen haske, ya sauka, ya maƙale. Arha da rashin wari ne suka sa ake yaba shi, musamman idan aka kwatanta da ruwan maganin da ake kira fiya-fiya, wanda sinadarinsa dikulobos ne. A shekarar 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da Sniper, mai ɗauke da wannan sinadari, a kasuwanni da kantuna saboda yadda ake amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba. Neman abin da zai maye gurbinsa a cikin ɗaki bukata ce ta gaskiya.

Manufar takardar ita ce amsa tambayoyi biyu. Ta farko, shin sharuɗɗan da tarkon ke bukata suna nan a gidajen Karakkai da makamantansu a Bunguɗu da Tsafe da gefen Gusau? Ta biyu, idan ya kama ƙuda, kamun zai kai ya rage cutar da ƙuda ke yaɗawa? Tambayar tana da nauyi a Zamfara. A annobar kwalara ta 2021, lokacin da hukumar NCDC ta ƙidaya sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu a Nijeriya, Zamfara na cikin jihohi huɗu da abin ya fi tsananta, tare da Bauchi da Jigawa da Kano. Gurɓataccen ruwa ne babbar hanyar kwalara, amma inda kashi yake a fili har ya kai ga ruwa, ƙuda ma yana kaiwa gare shi, daga nan ya wuce kan abinci.

2.0 Waiwaye kan ayyukan da suka gabata

Gwajin farko da aka fi ambato shi ne na Watt da Lindsay (1948) a gundumar Hidalgo ta jihar Tekzas a Amurka, inda feshin DDT ya rage ƙuda, atuni na ƙwayar Shigella kuma ya ragu a garuruwan da aka fesa. Nasarar feshi ba ta daɗe ba, domin tun kafin ƙarshen shekarun 1940 an ga ƙudan da DDT ba ya kashewa a Suwidin da Italiya. Wannan ne ya dawo da hankalin masana kan tarko.

Cohen da abokan aikinsa (1991) sun gwada tarko mai ƙoto na yis a sansanonin soja a Isra'ila. Ƙuda ya ragu da kashi 64 cikin ɗari, masu zuwa asibiti da gudawa suka ragu da kashi 42, masu atuni kuma da kashi 85. Sai dai da Chavasse da abokan aikinsa (1999) suka kai irin wannan dabara ƙauyukan da ke kusa da Feshawar a Fakistan, sakamakon ya bambanta. Feshi ya rage gudawar yara da kashi 23 cikin ɗari, amma tarko mai ƙoto bai rage ƙuda ba, bai kuma rage gudawa ba. Bambancin wuraren biyu ya cancanci a tsaya a kansa: sansanin soja wuri ne mai oda, shara na da mazubi, babu turken dabbobi kusa da madafa, ƙauyen Fakistan kuwa dabbobi da mutane a gida ɗaya suke. Karakkai ta fi kama da na biyun.

A Afirka ta Yamma, ayyukan Emerson da abokan aikinsa a Gambiya su ne ginshiƙi. Gwajinsu na 2004 ya nuna feshi ya rage ƙudan da ke sauka a fuskar yara da kashi 88 cikin ɗari, cutar ido ta tirakoma kuma ta ragu da kashi 56. Gina masai ya rage ƙudan da kashi 30. West da abokan aikinta (2006) a Tanzaniya ba su ga ƙarin amfani daga feshi ba bayan an raba wa jama'a maganin azitiromaisin, abin da ke nuna cewa rage ƙuda ba koyaushe yake zama rage cuta ba.

Game da danƙo kansa, littafin da Rozendaal ya shirya wa Hukumar Lafiya ta Duniya a 1997 ya lissafa shi cikin dabarun cikin ɗaki, ya kuma bayyana cewa yana aiki na wasu makonni muddin ƙura ko gawar ƙuda ba su rufe shi ba. Abin lura a dukkan waɗannan ayyuka shi ne, manyan gwaje-gwajen da suka auna cuta sun yi amfani da feshi ne, ko tarko mai ƙoto a waje, ko masai. Hujjar da ake kafawa da su don tallata tarkon taga aro ce.

3.0 Hanyar nazari

An bi hanyar kwatanci mai mataki uku. Da farko an fitar da sharuɗɗan aikin tarkon daga abin da aka tabbatar game da ɗabi'ar ƙuda. Sannan an jera su kusa da tsarin gidan ƙauye na ƙasar Hausa da zagayen yanayin shekara a tsakiyar Zamfara. Daga ƙarshe an yi lissafin misali kan saurin hayayyafar ƙuda don a ga yawan kamun da ake bukata. An yi amfani da kalmomi uku na musamman: "maƙyanƙyasa" na nufin duk wurin da ƙuda ke yin ƙwai tsutsa ta girma, "bin-haske" na nufin ɗabi'ar ƙwaro ta nufar inda ya fi haske, "kwanci" kuma matakin da tsutsa ke shiga ɓawo kafin ta fito da fiffike.

4.0 Nazari

4.1 Sharuɗɗan aikin tarkon

Bahaushe ya ce ƙuda wajen kwaɗayi yakan mutu. Tarkon taga bai dogara da kwaɗayi ba, da bin-haske ya dogara. Ƙudan gida, Musca domestica, idan ya ƙoshi ko aka kore shi a cikin ɗaki mai duhu, yakan nufi wuri mafi haske. In gilashi ya tare shi, sai ya riƙa hawa da sauka a jikinsa, ya fi yawan yawo a gefuna da kusurwoyi. A nan danƙon ke jiransa.

Wannan na nuna sharuɗɗa uku. Dole taga ta kasance da gilashi kuma a rufe, in ba haka ba ƙuda zai fice abinsa. Dole ta fi kowace kafa ta ɗakin haske. Dole kuma ƙudan da ke shigowa ya zama kaɗan, yadda tarkon zai iya cinye shi. Da zarar ɗaya ya faɗi, sauran biyun ba su da amfani. Ƙudan da ke jin yunwa kuwa, wari ya fi haske jan sa: kwanon tuwo a buɗe ya fi taga ƙarfi. Wasu masana'antu na ƙara sinadarin muskalo, wanda Carlson da abokan aikinsa suka gano a jikin macen ƙuda a 1971, ko su yi wa tarkon launi. Binciken Diclaro da abokan aikinsa (2012) a Jami'ar Fulorida ya nuna shuɗi ya fi jan ƙudan gida, rawaya kuwa ba ya jan sa, duk da cewa da yawa daga tarkunan danƙo da ke kasuwa rawaya ne.

4.2 Tsarin gida

A nan ne matsalar ta fi girma. Gidan ƙauye a wannan yanki zaure ne, sai tsakar gida, sai ɗakuna kewaye da ita. Ɗakin ƙasa tagarsa ƙarama ce, can sama, sau da yawa kafa ce kawai da ake toshewa da tsumma lokacin sanyi. Ɗakin bulo mai rufin kwano yakan samu tagar ƙarfe ko ta katako, wadda in an rufe ta babu haske, in an buɗe ta babu shinge. Ko ta wane hali babu gilashin da za a manna tarko. Wuri mafi haske a irin wannan ɗaki shi ne ƙofa, ita kuwa labule ko asabari ne a bakinta, ana ɗagawa ana saukewa yini guda.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ɗaki ba shi ne wurin haɗuwar ƙuda da abinci ba. A duba tsakar gida da hantsi. Murhu yana gefe ɗaya, turmi da taɓarya na kusa, an baza tsaki a tabarma. Ƙwaryar fura tana ƙarƙashin inuwa, an ɗage faifan da ya rufe ta don a ɗebar wa yaro, ba a mayar ba. Taku kaɗan daga nan turken awaki ne, ƙasarsa jiƙe da fitsari da ragowar dusa. Ruwan wanke-wanke yana bin makwarara zuwa rariya. Ƙudan da ya tashi daga turke zuwa bakin ƙwarya bai ratsa ta kowane ɗaki ba, balle ya ga taga. Da ƙafafunsa yake ɗanɗano, kuma saboda ba ya iya tauna, sai ya amayo ruwan cikinsa a kan abinci ya narkar da shi ya tsotse, ya kuma yi kashi a wurin. Duk wannan a sarari yake faruwa, ƙarƙashin rana, inda ko'ina haske ne.

Shawarar da littattafai ke bayarwa ta nisanta dabbobi daga gida ba ta da sauƙin karɓuwa a Zamfara ta yau. Bayan shekaru na satar dabbobi da hare-hare, babu mai hankalin da zai ce wa magidanci ya kai tumakinsa bayan gari su kwana. Duk tsarin da za a kawo dole ya karɓi cewa turke yana cikin gida, ya nemi yadda za a bi da takin.

4.3 Lissafin hayayyafa

Macen ƙuda na zuba ƙwai 75 zuwa 150 a lokaci ɗaya, kuma takan yi haka sau da yawa, har jimilla ta kai kusan 500. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin yini ɗaya ko ƙasa da haka. A yanayi mai ɗumi, daga ƙwai zuwa tsutsa zuwa kwanci zuwa ƙuda mai tashi kwana 7 ne zuwa 10. Babban ƙuda yakan rayu mako biyu zuwa huɗu.

A ɗauki misali mai sassauci. Mace ɗaya ta yi ƙwai 100 sau ɗaya tak. A ce 90 sun mutu, kaji sun tsince wasu, rana ta ƙona wasu. Saura 10, rabinsu mata. Kowace mace ta bar magada biyar ke nan cikin kwana goma. Don yawan ƙuda ya tsaya inda yake kawai, ba ma ya ragu ba, sai an kashe huɗu cikin kowaɗanne mata biyar kafin su yi ƙwai. Tarkon da ke jiran ƙudan da ya shiga ɗaki, ya ƙoshi, ya nemi fita, ba zai kusanci wannan adadi ba. Sannan ƙuda yana yawon kilomita ɗaya zuwa biyu ba tare da wahala ba, wato jujin unguwa da mahauta da turken maƙwabta duk maƙyanƙyasar gida ɗaya ce. Tarko cike da ƙuda yana faranta ran mai shi, amma cikarsa shaida ce ta yawan ƙudan da ke waje.

4.4 Yanayin shekara

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kawo ƙura mai laushi wadda ke shiga ko ta ƙaramar kafa. Danƙon da ƙura ta lulluɓe ya zama takarda kawai. Sauƙin abin shi ne ƙuda yakan yi ƙaranci a tsakiyar sanyi da bushewa. A bazara, Maris zuwa Mayu, zafi yakan kai digiri 40, gilashin da rana ke duka kuma ya fi iskar ɗaki zafi nesa, danƙo ya yi laushi ya zamo. A wannan lokaci ne mangwaro ke cika kasuwa, ɓawo da ƙwallo a ko'ina, kuma a lokacin ne ake kwashe takin turke da na juji a kai gona kafin ruwa ya sauka. Wannan al'ada ta kai taki, wadda manomi ke yi don gero da dawa, ita ce babban aikin rage ƙuda da ake yi a ƙauye duk shekara, ko da ba da wannan niyya ake yin ta ba.

Damina, daga Yuni zuwa Satumba, ita ce ta fi dacewa da danƙo saboda ƙura ta kwanta. Ita ce kuma ta fi dacewa da ƙuda, domin taki ya jiƙe, zafi ya sassauta, sabon takin da ya taru bayan an kwashe na bazara kuma ba mai lokacin taɓa shi, kowa yana gona. Tarkon yana cika da sauri a daidai lokacin da kuɗi suka fi ƙaranci a hannun manomi.

4.5 Ba kowane ƙuda ne na ɗaki ba

Kalmar ƙuda ta haɗa jinsuna da ɗabi'arsu ta bambanta. Musca sorbens, wanda ke dandazo a idon yara da hancinsu, shi ne ke ɗaukar ƙwayar Chlamydia trachomatis mai jawo tirakoma, cutar da ke juyar da gashin ido ciki har ya kankare baƙin ido. Ƙudan waje ne, ba ya son shiga ɗaki, kuma binciken Gambiya ya nuna ya fi son yin ƙwai a kashin mutum da aka bari a ƙasa, ba ya ƙyanƙyasa a ramin masai. Shi ya sa tsarin SAFE, wanda Babban Taron Lafiya na Duniya ya amince da shi a 1998 kuma ƙungiyar Sightsavers ke tallafa wa aiwatar da shi a Zamfara da Sakkwato da Kebbi, ya dogara da tiyata da magani da wanke fuska da tsaftar muhalli. Tarkon taga ba shi da gurbi a ciki. Koren ƙuda na jinsin Chrysomya kuwa, mai bin nama da kifi a kasuwa, ramin masai ne babbar maƙyanƙyasarsa.

4.6 Bin-haske a inda ya dace

Ɗabi'ar da tarkon taga ya dogara da ita tana da wani amfani da aka daɗe da gwadawa. A shekarun 1970, Peter Morgan na cibiyar bincike ta Blair a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe ya ƙera masai mai bututun iska. Ɗakin masan yana da duhu, bututu kuma ya tashi daga ramin ya zarce rufi, bakinsa rufe da raga. Ƙudan da ya ƙyanƙyashe a rami yana ganin haske ɗaya ne kawai, na saman bututu. Ya hau, raga ta tare shi, ya gaji ya faɗo ya mutu. Na waje kuma wari yana jan sa zuwa bakin bututu, raga ta hana shi shiga. A gwajin kwana 78, an kama ƙuda 13,953 daga masai marar bututu, 146 kacal daga mai bututu.

Dabara ɗaya ce da ta tarkon taga, wurin sa ta ne ya bambanta. Wannan tana kama ƙuda a maƙyanƙyasa kafin ya taɓa abinci, kuma ba ta bukatar a sake saye kowane mako. Tana da nata rauni: raga na tsatsa ko ta yage, kuma a gidajen da masai fili ne kewaye da katanga ko zana babu rufi, duhun da ake bukata babu shi, sai dai a yi wa bakin ramin murfi mai kamawa. A nazarin wannan takarda, kuɗin da gida zai kashe kan danƙo a damina ɗaya gara a sa shi a murfin masai da raga. Hakan ya kuma yi daidai da shirin gwamnatin tarayya na kawo ƙarshen bahaya a fili, wanda aka ƙaddamar a 2019.

4.7 Inda tarkon yake da gurbi

Akwai wuraren da sharuɗɗan nan uku suke cika: ɗakin ajiye magani da ɗakin haihuwa a cibiyoyin lafiya matakin farko, kemis, ofishin makaranta, da gidajen zamani na Gusau masu gilashi da ƙofar raga. A irin waɗannan wurare tarkon ya fi feshi, domin ba a son guba kusa da jariri ko buɗaɗɗen rauni, kuma ƙudan da ya kuɓuce wa raga kaɗan ne. A manna shi a gefen gilashin da ya fi samun haske, nesa da hannun yara, a cire shi idan ya kusa cika ko ya yi ƙura, a binne ko a ƙona.

A ɗakin da babu gilashi, zaren danƙo mai ratayewa daga rufi ya fi dacewa, saboda ƙuda yana son hutawa a kan igiya da waya da gefen abubuwa, musamman da dare. Wanda ya duba igiyar rataye kaya a ɗakin ƙauye zai ga baƙaƙen ɗigo a jikinta, kashin ƙuda ne. Sai dai kada a rataye shi bisa abinci, don zafi na sa danƙon ɗiga.

Amfani na ƙarshe shi ne aunawa. Tun 1947 Scudder ya fito da katakon ƙidayar ƙuda, wanda ke bukatar mutum ya tsaya ya ƙirga masu sauka a cikin ɗan lokaci. Katin danƙo ya fi shi sauƙi ga ma'aikacin lafiya na unguwa, kuma yana ajiye ƙudan yadda za a iya bambance jinsinsa daga baya. Gwajin da ya dace da Karakkai, wanda Jami'ar Tarayya ta Gusau ke da kusancin da za ta iya gudanarwa, zai raba unguwanni gida uku ta hanyar ƙuri'a: masu danƙo kaɗai, masu murfin masai da kwashe taki duk mako, da waɗanda ba a sauya musu komai ba. A sa kati mai girma ɗaya kusa da murhu na tsawon awa 24, sau ɗaya a mako, daga Yuni zuwa Oktoba, a haɗa da ƙidayar kwanakin gudawa ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Unguwa za a ɗauka a matsayin ma'auni, ba gida ba, tunda ƙudan turke ɗaya yana isa gidaje da yawa. Tazarar kwashe taki kuma kada ta wuce kwana bakwai, don a riga tsutsa fita daga kwanci.